Mayar da tufafin da aka saya: inda haƙƙin mai saye ya tsaya da inda zamba ta fara

Mutum biyu ne suka mayar da riga ga kamfani ɗaya a rana ɗaya. Na farko ya yi odar riga iri ɗaya har guda uku masu girma daban-daban, domin bai san wadda za ta yi masa daidai ba, ya gwada su a ɗaki, ya riƙe ɗaya, ya mayar da biyu. Na biyu ya sayi riga mai tsada, ya cusa takardar farashin ta ciki don kada a gan ta, ya je taronsa ya dawo, washegari ya ninke ta ya ce bai taɓa sa ta ba. A littafin lissafin kamfani duka kaya ne da suka dawo, kuma duka sun ci kuɗin aike da na dubawa da na sake shiryawa. A idon doka kuwa tazarar da ke tsakaninsu babba ce, kuma yawancin saɓanin da ake samu tsakanin masu saye da kamfanonin tufafi ya samo asali ne daga matakan da ke yi wa waɗannan mutum biyu kuɗin goro.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, wanda ya shiga kanti da ƙafarsa, ya ga riga, ya taɓa ta, ya biya, ba shi da wani haƙƙi a doka na mayar da ita don kawai ya canza ra'ayi. Haka abin yake a Birtaniya da ƙasashen Tarayyar Turai, haka ma a Amurka babu wata dokar tarayya da ta tilasta wa mai kanti karɓar kaya marasa aibi. Kwana 28 ko 30 da ake gani rubuce a bayan rasit alfarma ce da kantin ya ga dama ya yi domin jawo ciniki. Sai dai alfarmar da aka yi alkawarinta a lokacin ciniki ta shiga cikin yarjejeniya, mai kanti ba shi da ikon janye ta bayan kuɗi sun shiga hannunsa. Wasu jihohin Amurka sun ɗora wa kantuna nauyin bayyana sharaɗinsu a fili. A Kalifoniya, alal misali, kantin da ba ya mayar da cikakken kuɗi ko musanya kaya cikin kwana 7 dole ne ya kafa sanarwa inda kowa zai gani, idan kuma bai yi ba, mai saye na iya dawo da kayan cikin kwana 30 ya karɓi kuɗinsa.

Kaya masu aibi hukuncinsu daban ne. Rigar da ɗinkinta ya warware, ko ta zo da yagewa, ko ta saɓa da yadda aka siffanta ta, ba ta cikin abin da kamfani zai yi wa sharaɗi yadda ya so. Dokar haƙƙin masu saye ta Birtaniya ta 2015 ta ba mutum kwana 30 ya ƙi kayan ya karɓi kuɗinsa gaba ɗaya, a Tarayyar Turai kuma mai sayarwa yana ɗauke da alhakin aibin da kaya suka zo da shi har tsawon shekara 2 aƙalla. Babu sanarwar da aka manna a bango da za ta goge wannan.

Inda maganar ta fi ɗaukar hankali shi ne ciniki ta intanet, domin a nan ne doka ta ba mai saye abin da ba ta ba wanda ya je kanti ba. Tsarin Tarayyar Turai na 2011 kan haƙƙin masu saye, wanda Birtaniya ta zuba cikin ƙa'idojinta na 2013 kuma ta ci gaba da aiki da su bayan ficewarta daga Tarayyar, ya ba mutum kwana 14 daga ranar da kaya suka iso hannunsa ya fasa cinikin ba tare da ya faɗi dalili ba, sannan ya sami wasu kwana 14 na aika kayan. Hikimar a fili take: wanda hoto kawai ya gani bai sami damar taɓa yadi ko gwada girma ba, don haka aka ba shi a gida damar da zai samu a kanti. Kamfani zai mayar da kuɗin kaya haɗe da kuɗin aike na yau da kullum da aka biya tun farko, amma kuɗin mayarwa yana wuyan mai saye, sai fa idan kamfanin ya yi alkawarin ɗauka ko kuma bai sanar da shi tun farko cewa shi zai biya ba. An cire wasu kaya daga wannan haƙƙi, kamar tufafin da aka ɗinka bisa awon mutum, da kayan da aka rufe domin tsabta idan an ɓalle rufin.

Wannan tsari na 2011 bai bar batun tufafi a dunƙule ba. A cikin bayanin gabatarwarsa an faɗa ƙarara cewa mai saye zai duba kaya ne gwargwadon yadda za a bar shi ya duba a kanti, kuma misalin da aka kawo na tufafi ne: ya halatta ya gwada riga, bai halatta ya sa ta ya yi harkokinsa ba. Ga mizanin da ya raba mutum biyun da muka fara da su ke nan. Na farko yana cikin haƙƙinsa ko da riguna goma ya yi oda ya mayar da tara. Na biyu ya wuce iyaka, kuma kamfani na da ikon rage kuɗin da zai mayar masa gwargwadon yadda darajar rigar ta faɗi. Idan ya ƙara da ƙaryar cewa bai sa ta ba domin ya karɓi cikakken kuɗi, to ya taka gefen laifi, domin dokar zamba ta 2006 da ke aiki a Ingila ta haramta yin furucin ƙarya da gangan don samun wata riba. A aikace ba kasafai ake gurfanar da mutum kan riga ɗaya ba. Waɗanda hukuma ta fi bi su ne masu mayar da kayan sata, da masu rasit na jabu, da masu sauya takardar farashi, da masu aika kwali babu komai a ciki ko su sa tsohon kaya a madadin sabo, da kuma masu cewa saƙo bai iso ba alhali yana hannunsu.

Kamfanoni na cewa asarar ba ƙarama ba ce. Ƙungiyar 'yan kasuwar sayar da kaya ɗai-ɗai ta Amurka ta ƙiyasta cewa a 2023 an mayar da kaya na dala biliyan 743, kuma kimanin dala biliyan 101 daga ciki sun shafi zamba da wuce gona da iri. Ya kamata mai karatu ya riƙe cewa wannan lissafi ya haɗa kowane irin kaya, ba tufafi kaɗai ba, kuma daga ɓangaren masu sayarwa ya fito, waɗanda su ne ke yanke abin da za a kira wuce gona da iri.

Matakin da ya fi samun karɓuwa wajen masu saye shi ne wanda ido ke gani. A 2013 kantunan Bloomingdale's na Amurka suka fara maƙala wata babbar alamar roba baƙa a jikin riguna masu tsada, a wurin da ba za a iya ɓoye ta ba, da sharaɗin cewa duk wanda ya cire ta ya rasa damar mayarwa. Mai gaskiya ba ya asarar komai, domin alamar ba ta hana shi gwada rigar a gaban madubi, mai niyyar sawa ya mayar kuwa dabararsa ta rushe. Neman rasit ma ba ya tayar da ƙura. Inda aka fara ɗaure fuska shi ne lokacin da mai karɓar kaya ya nemi katin shaida ya shigar da bayanansa cikin kwamfuta, domin a nan mutum ke jin an daina kallonsa a matsayin abokin ciniki, an koma kallonsa a matsayin wanda ake tuhuma.

Sai batun cajin kuɗin mayarwa. A 2022 Zara, mai sayar da tufafi, ta fara cire fam 1.95 daga kuɗin masu mayar da kayan intanet ta hanyar aike a Birtaniya, amma ta bar mayarwa a cikin kantunanta kyauta. Boohoo ta sa fam 1.99 a shekarar, H&M ma ta bi sahu a 2023. Kamar yadda bayani ya gabata, doka ba ta hana wannan ba muddin an sanar tun farko kuma kayan ba su da aibi. Amma a ganina kiran wannan caji maganin zamba akwai ƙwange a ciki. Wanda ya shirya sa riga mai tsada dare ɗaya ya mayar ba zai fasa saboda fam biyu ba, zai ma ɗauke su a matsayin kuɗin haya mai sauƙi. Wanda cajin ke ci shi ne mai oda uku don neman girmansa, kuma wannan mutumin yana da hujjar da ba a cika amsa masa ba: lambar girma ba ta da tsayayyen ma'auni tsakanin kamfani da kamfani, wani lokaci ma tsakanin riga da riga a kamfani ɗaya. Masu jikin da ba a cika ajiye girmansu a kantuna ba, da masu lalurar da ke hana su zuwa ɗakin gwaji, su suka fi kowa dogaro da oda da mayarwa. Idan suka ce ana cin su tara kan kuskuren da ba nasu ba, da wuya a ce ba su da gaskiya. Gaskiyar kamfani ita ce mayarwa kyauta ba kyauta ba ce, ana watsa kuɗinta ne cikin farashin da kowa ke biya, har da wanda bai taɓa mayar da komai ba.

Matakin da ya fi ɓata ran jama'a shi ne rufe asusun mai saye. Tun 2019 ASOS, mai sayar da tufafi ta intanet, ta sanar cewa za ta iya dakatar da asusun duk wanda ta lura yana sa kaya yana mayarwa ko yana oda da mayarwa fiye da kima, a 2024 kuma ta fara cire fam 3.95 daga wasu da ta ce yawan mayarwarsu ya yi yawa, sai idan sun riƙe kayan da suka kai fam 40 daga odar. A 2024 ɗin dai PrettyLittleThing ta rufe asusun wasu abokan cinikinta bisa dalili makamancin haka, kuma ƙorafi ya cika kafafen sada zumunta, inda da yawa suka ce girman kayan ne bai yi musu daidai ba. A doka, ɗan kasuwa na da 'yancin ƙin yin ciniki da wani a nan gaba matuƙar ba wariya ce ta launin fata ko jinsi ko addini ko naƙasa ba. Abin da ba shi da iko a kai shi ne odar da aka riga aka yi, domin rufe asusu ba ya soke kwana 14 na kayan da ke hannun mai saye.

Ƙorafin masu saye a nan bai tsaya kan rufewar kanta ba. Babban abin da ke damunsu shi ne ba a gaya musu inda iyakar take. Mayarwa nawa ne ya yi yawa, a cikin wata nawa, kuma ana ƙirga kaya masu aibi a ciki ko ba a ƙirgawa? Kamfanoni na kare kansu da cewa da zarar sun bayyana adadin, mazambata za su riƙa tsayawa daf da shi. Wannan hujja tana da ƙarfi a kan ɓarayin da suka mayar da abin sana'a, amma ba ta wanke kamfanin da ya kori mutum ba gargaɗi, ba bayani, ba wurin ɗaukaka ƙara ba. An ce wake ɗaya ke ɓata gari, to amma tsince waken aikin mai kanti ne.

A bayan waɗannan hukunce-hukunce galibi manhajar kwamfuta ce ke auna tarihin cinikin mutum ta ba shi maki. A Amurka akwai kamfanin The Retail Equation da ke tara wa kantuna bayanan mayar da kaya, har ya ba da shawarar a karɓa, a yi gargaɗi ko a ƙi, kuma wanda aka ƙi yana iya neman a ba shi rahoton da ke ɗauke da tarihinsa domin ya ƙalubalanci kuskure. A Turai dokar kare bayanan sirri da ta fara aiki a 2018 ta ba kowa damar neman kwafin bayanan da kamfani ke riƙe da su a kansa, a amsa masa cikin wata ɗaya a bisa ƙa'ida, tare da damar neman gyara abin da ba daidai ba. Dokar ta kuma taƙaita yanke hukunci mai tasiri sosai a rayuwar mutum ta hanyar na'ura kaɗai ba tare da ɗan Adam ya duba ba, ko da yake abin muhawara ne ko rufe asusun sayen tufafi ya kai wannan matsayi.

Akwai kuma ɓacin ran da ke zuwa idan an sauya ƙa'ida bayan an daɗe a kanta. Kamfanin L.L.Bean na Amurka ya shahara da karɓar kayansa komai daɗewarsu, sai a 2018 ya taƙaita lamarin zuwa shekara ɗaya tare da shaidar saye, yana mai cewa wasu na dawo da kayan da suka tsufa a jikinsu, wasu ma na sayen gwanjo su kawo a ba su sabo. Tsofaffin abokan ciniki da yawa sun fahimci dalilin, amma hakan bai hana wasu jin cewa an karɓe musu abin da suka biya kuɗi dominsa ba.

Wuri mafi wahala a aikace shi ne lokacin da kamfani ya ce an sa riga, mai saye ya ce gwadawa kawai ya yi. Ƙamshin turare, ko ɗigon kwalliya a wuya, ko takardar farashi da ta tsinke, duk suna iya faruwa a gwaji na minti biyu, kuma suna iya zama shaidar dare guda a waje. Shi ya sa masu saye da dama suka koyi ɗaukar hoton kaya kafin su rufe kwali, tare da adana takardar shaidar aikawa. Ƙa'idar Turai da ta Birtaniya ba ta ba kamfani damar soke haƙƙin fasa ciniki don ya ga alamar sawa ba, abin da ta ba shi shi ne rage kuɗi daidai da faɗuwar darajar kayan, wanda a wasu lokuta yana iya cinye farashin gaba ɗaya idan rigar ba za ta sake sayuwa ba. Wannan ragin ma yana da sharaɗi: kamfanin da bai sanar da mai saye haƙƙinsa na fasa ciniki tun kafin a biya ba ya rasa ikon cire ko kwabo saboda faɗuwar daraja, kuma wa'adin kwana 14 yana iya tsawaita har da ƙarin wata 12.