Tashar Egbin: me ya haɗa wutar Kano da injinan Ikorodu?

Wace tasha ce Egbin?

Tashar samar da wutar lantarki ce da ke bakin ruwa a yankin Ikorodu, jihar Legas. Ta fara aiki a 1985, tana da injina shida, kowanne mai ƙarfin megawat 220, jimilla megawat 1,320. Babu tasha mai amfani da iskar gas da ta kai ta girma a Najeriya. Da ta gwamnati ce, amma a 2013 aka sayar da kashi 70 cikin ɗari nata ga kamfanin Sahara da abokin hulɗarsa KEPCO na Koriya ta Kudu.

Yaya gas ke zama wuta?

Ana ƙona gas ɗin a tafasa ruwa cikin manyan tukwane. Tururin da ya tashi shi ke juya farfela, farfelar ta juya janareta, wuta ta fito. Daga nan a sanyaya tururin da ruwan da aka jawo daga gaɓa, ya koma ruwa, a sake tafasa shi.

To mutumin Kano ko Katsina, ina ruwansa da tashar da ke Legas?

Da ruwansa ƙwarai. Wutar Egbin da ta Kainji da Jebba da Shiroro duk babban layi ɗaya suke shiga, daga can ake raba wa kamfanonin da ke kai wa gidaje. A tsarin rabon da aka daɗe ana bi, kashi 8 cikin ɗari ne ke zuwa KEDCO, mai kula da Kano da Katsina da Jigawa. Abin da ƙasar duka ke samarwa galibi tsakanin megawat 4,000 ne da 5,000. Idan Egbin ta rage aiki, abin rabon ya ragu, kason kowa ya ragu. Mai walda a Dakata da mai sayar da ƙanƙara a Kofar Wambai su ne ke fara gani a aljihunsu, don dole su koma sayen mai.

Akwai kuma abin da ya fi haka tsanani. Wutar da ake samarwa da wadda ake sha dole su yi daidai a kowace daƙiƙa, abin da cibiyar kula da layin da ke Osogbo ke sa wa ido ke nan. Babbar tasha ta faɗi kwatsam, sauran na iya bin ta ɗaya bayan ɗaya, ƙasa ta shiga duhu.

Hakan ya taɓa faruwa?

Ya faru a watan Janairun 2018. Gobara ta tashi a bututun da ke kawo gas daga Escravos zuwa Legas, kusa da Okada a jihar Edo. Gas ya yanke wa Egbin da tashoshin Omotosho da Olorunsogo, babban layin ya durƙushe.

Me ya sa ba kullum take ba da megawat 1,320 ɗin ba?

Wani lokaci gas ne bai isa ba, wani lokaci inji na gyara, wani lokaci layukan TCN, kamfanin gwamnati mai kula da babban layin, ne ba za su iya kwashe wutar ba. Amma a ganina bashi ne babbar cutar. Kuɗin da ake karɓa daga masu shan wuta ba ya cike abin da aka kashe, tallafin gwamnati ba ya zuwa kan kari, tashoshin ba sa samun cikakken kuɗinsu, su ma sai su kasa biyan masu gas. Mai gas kuwa ba zai yi ta bayarwa ba a biya shi ba. Abin takaici ne a ce injin lafiyarsa ƙalau yana zaune, asibitoci na aiki da janareta.

Arewa za ta iya samun irin wannan tasha?

Sai gas ya iso. Dalilin shimfiɗa bututun Ajaokuta zuwa Kaduna zuwa Kano ke nan, mai tsawon kilomita 614, wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2020. Darasin Oktoban 2024 ya isa hujja: lalata layin Shiroro zuwa Kaduna ya bar jihohin Arewa da dama kwanaki babu wuta, alhali tashoshin Kudu na aiki.