Go-slow

Go-slow kalma ce ta Turanci da ke nufin jinkiri na ganganci ko tafiyar hawainiya. An haɗa ta daga go, wato tafi, da slow, wato sannu. Idan suna ce ana sa ɗan layi a tsakani, idan aikatau ce ana raba su. Ma'anarta a Birtaniya daban take da wadda aka sani a Najeriya.

Asali

A Turancin Birtaniya, go-slow salon bore ne na ma'aikata. Ba sa shiga yajin aiki. Kowa yana zuwa a kan lokaci, amma sai a riƙa jan ƙafa har abin da ake samarwa ya ragu. Dabarar ita ce albashi bai tsaya ba, kuma da wuya mai kamfani ya nuna wanda ya yi laifi. Haɗarinta shi ne kotu na iya ɗaukar ta a matsayin saɓa yarjejeniyar aiki, a zaftare albashi. Galibi ana danganta farkon shahararta da 'yan dakon tashar jiragen ruwa ta birnin Glasgow na Sikotilan a 1889, waɗanda suka koma aiki bayan yajin da bai yi nasara ba, suka riƙa kwaikwayon nawar sababbin hannun da aka ɗauko a madadinsu. A lokacin ca' canny ake ce mata, da harshen mutanen Sikotilan. Amurkawa slowdown suke cewa.

A Najeriya

A nan ma'anar ta koma cunkoson ababen hawa, kuma ita ce ta shiga bakin Hausawa da lafazin "goslo". Baturen Ingila zai ce traffic jam, ba lalle ne ma ya fahimci ɗan Najeriyar da ya ce go-slow ya riƙe shi ba. Wasu na bambanta ta da hold-up: a go-slow motoci na ɗan motsawa, a hold-up an tsaya cak. Ba kowa ke kula da wannan bambanci ba.

Legas ce ta fi yin suna a kai. A 1977 aka kafa dokar da ta raba ranakun shiga wasu manyan tituna tsakanin motoci masu lamba mara da masu lamba cika. Masu hali sai suka sayi mota ta biyu.

A siyasa

An yi wa Shugaba Umaru Musa 'Yar'adua laƙabin "Baba Go-slow", daga baya aka laƙaba wa Muhammadu Buhari, wanda ya hau mulki a Mayun 2015 amma bai rantsar da ministoci ba sai Nuwamba. Magoya bayansu na kiran hakan taka-tsantsan.