Waiwaye: Kutna Hora, garin da azurfa ta gina

Tafiyar kusan awa guda a jirgin ƙasa daga Prag, babban birnin Jamhuriyar Cek, za ta kai mutum Kutna Hora, ƙaramin gari mai mutane dubu ashirin da 'yan kai. Wanda ya ga yadda garin yake shiru a yau zai yi wuya ya yarda cewa ya taɓa yin kafaɗa da kafaɗa da Prag wajen arziki da faɗa a ji.

Sirrin yana ƙarƙashin ƙasa. A ƙarshen ƙarni na 13 aka gano azurfa a filayen da ke kusa da gidan masu zuhudu na Sedlec, wanda aka kafa tun 1142. Kafin ka ce kwabo, masu haƙa sun yi tururuwa zuwa wurin, akasarinsu Jamusawa, kowa ya kafa bukka ya hau tona. Da Sarki Vaclav na Biyu na Bohemiya, masarautar da garin ke cikinta, ya ga abin ya bunƙasa, sai ya sa hannu. A 1300 ya fitar da dokar haƙar ma'adinai da ta fayyace rabon sarki da ƙa'idojin aiki a rami, ya kuma tattara buga kuɗin ƙasar a wuri ɗaya cikin garin. Ƙwararru daga Italiya ya ɗauko, shi ya sa har yau ake kiran ginin Fadar Italiyawa. Daga nan sulen azurfa da ake kira giroshin Prag ya fito, ya zaga kasuwannin tsakiyar Turai.

Ni dai a ganina, babu abin da ke ba da labarin garin kamar majami'ar Barbara, waliyyiyar da masu haƙa suka ɗauka a matsayin mai kare su. A 1388 aka aza harsashinta, da kuɗin attajiran ramuka, ba na sarki ba. Idan azurfa ta fito, gini ya tashi. Idan ta ɗauke, magina su ajiye kayan aiki. A bangonta na ciki akwai zanen masu haƙa da masu buga sulalla suna kan aikinsu, abin da ba kasafai ake gani a wurin ibada na wancan zamani ba.

Ramukan sun ga abin da ya fi guminsu muni. Da rikicin addini ya ɓarke bayan ƙona Jan Hus, malamin Kirista mai neman gyara a coci, a 1415, mutanen garin sun tsaya ɓangaren Katolika, aka riƙa jefa mabiyan Hus cikin tsofaffin ramukan azurfa. A 1421 aka gwabza a bakin garin da rundunar Jan Zizka, kwamandan mabiyan Hus, farkon shekarar da ta biyo kuma wuta ta cinye garin. Ya farfaɗo, har a nan aka zaɓi Vladislav sarkin Bohemiya a 1471, amma ruwa ya riga ya fara cin masu haƙa. Ramin Osel ya kai zurfin kusan mita 500, kuma da ƙarfin dawaki da salkunan fata ake kwashe ruwan. A shekarun 1540 ruwa ya yi nasara a ramin da ya fi kowanne albarka, daidai lokacin da azurfar Potosi ta Kudancin Amurka ke shirin malalowa Turai. A 1558 aka toshe majami'ar Barbara da bango, tsawonta bai kai yadda aka zana ba. Sai a 1905 aka kammala ta.

Yaƙin shekaru talatin da aka yi a Turai a ƙarni na 17 ya ƙara durƙusar da garin, aka rufe gidan buga kuɗi a shekarun 1720. Talaucin nan kuwa shi ya adana tsohon garin, don babu mai kuɗin rushe gidaje ya gina sababbi. A 1995 hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya.

Yawancin baƙi ɗakin ƙasusuwan Sedlec ke kawo su, inda aka jera ƙasusuwan mutane kusan 40,000 a 1870. Na fi so a ce gidan tarihin azurfa na Hradek suke fara zuwa. A can ana ba mutum farar riga irin ta masu haƙan da, da hular kwano da fitila, a shiga da shi tsohon rami mai ɗigar ruwa, inda a wasu wuraren sai ya sunkuya ya bi a karkace. Haka mutane suka yi ta wuni da guduma da kurfi, da 'yar fitilar kitse a gabansu.

A unguwar Kank aka ci gaba da haƙar dalma da tutiya har 1991. Tsibin ƙasar da aka fitar tun ƙarnonin baya suna nan a gefen gidaje, ɗauke da gubar arsenik, kuma mazauna wurin na rayuwa da ita a lambunansu har yanzu.