Gashin sankarar mahaifa bayan tiyata

Gashin sankara, wanda a asibitocin Sudan ake kira isha'a, magani ne da ake yi da wani haske mai ƙarfi da ido ba ya gani, don kashe ƙwayoyin cutar da suka yi saura bayan an cire mahaifa. Wannan sankara daga shimfiɗar cikin mahaifa take farawa, daban take da ta bakin mahaifa. Ta fi kama matan da suka daina haila, kuma zubar jini ne yawanci alamarta ta farko.

Ba duk wadda aka yi wa tiyata ke buƙatar gashi ba. Sakamakon gwajin mahaifar da aka cire shi ke yanke hukunci: zurfin da cutar ta ci a jikin naman mahaifa, irin ƙwayoyinta, ko ta shiga hanyoyin jini da kaluluwa, sai kuma shekarun matar. Idan cutar ba ta yi nisa ba, bibiya a asibiti kawai ta isa. Saboda haka takardar sakamakon nan ba abin wasa ba ce, ya kamata iyali su adana ta da kyau.

Gashin iri biyu ne. Na ciki shi ne ake sa wani bututu mai santsi a farji, na'ura ta tura sinadari mai fitar da hasken zuwa inda aka yi ɗinki, domin a nan cutar ta fi dawowa. Mintuna kaɗan ne, sau uku zuwa biyar, kuma matar kan koma gida a ranar. Na waje kuwa ana haska ƙugu gaba ɗaya, kwana biyar a mako, har kusan mako biyar, wato zama 25 zuwa 28. Yakan kawo gudawa, zafin fitsari da gajiya. Binciken PORTEC-2 na ƙasar Holan, da aka wallafa a 2010 kan mata 427, ya nuna cewa ga matan da haɗarin dawowar cutarsu matsakaici ne mai ɗan yawa, gashin ciki na hana cutar dawowa a farji kamar na waje, kuma bai kai shi wahalar da hanji ba. Masu babban haɗari ana yi musu na waje, sau da yawa haɗe da kimiyawi, wato magungunan kashe ƙwayoyin sankara.

Wannan bambanci yana da nauyi ga Hausawan Maiwurno, Gadarif da Kasala a ƙasar Sudan. Shekara da shekaru inda aka fi dogara da shi shi ne asibitin Zarra na Khartum, da cibiyar sankara ta Jami'ar Jazira a Wad Madani. Yaƙin da ya ɓarke a Afrilun 2023 ya dagula aikinsu, har majinyata suka riƙa nufar garin Marawi na arewacin Sudan ko Masar. Zama uku da mako biyar a garin da ba ka da kowa, ga kuɗin mota, ga masauki, ga mai jinya, ba ɗaya ba ne. Tsallake zama a tsakiyar gashin waje yana rage amfaninsa.

Kunya ma takan hana wasu dattijai mata yarda da gashin ciki, abin takaici. Mace na da damar neman ma'aikaciya ta tsaya tare da ita. Hasken ba ya zama a jiki bayan an fito, tana iya ɗaukar jikokinta, ta ci abinci kwano ɗaya da kowa. Gashi kan sa farji ya bushe ya tsuke, shi ya sa ake ba da abin buɗawa da za a riƙa amfani da shi a gida, don gwajin bibiya ya yiwu ba tare da ciwo ba.