Ergonomiks: Ilimin Auna Aiki Da Jikin Mai Yinsa

Wanda ya taɓa zama taron bita kan lafiyar ma'aikata a Kaduna, ko ya leƙa shagon kayan ofis a titin Ahmadu Bello aka yi masa tallar kujera mai ɗan karen tsada, da wuya bai ji kalmar ergonomiks ba. Masu sayar da kujeru sun kusa mayar da ita tasu, har wasu suna zaton sunan wata kujera ce mai tayoyi da wurin jingina ƙeya. Kujerar kuwa ɗan ɓangare ce kawai. Ergonomiks fanni ne na ilimi da ke duba yadda za a tsara aiki, da kayan aiki, da wurin da ake yinsa, su dace da jikin mutum da iyakar ƙarfinsa, don kada aikin ya riƙa cin mai yinsa da kaɗan-kaɗan.

Asalinta Girkanci ne, kalmomi biyu aka haɗa: ergon, wato aiki, da nomos, wato doka ko ƙa'ida. Wani masani ɗan ƙasar Poland, Wojciech Jastrzębowski, shi ya fara rubuta ta a 1857. Daga nan ta yi barci kusan shekara 90, sai a 1949 wani masani, Hywel Murrell, ya farfaɗo da ita a Ingila. Abin da ya tashe ta Yaƙin Duniya na Biyu ne. A lokacin, matuƙan jirgin yaƙin Amurka samfurin B-17 sun yi ta lalata jirage wajen sauka, ana ta cewa sakacinsu ne. Da wani masanin halayyar ɗan Adam, Alphonse Chapanis, ya shiga ɗakin tuƙin ya duba, sai ya tarar makunnin tayoyi da makunnin fiffiken rage gudu iri ɗaya ne sak, kuma suna kusa da juna. Matuƙin da ya dawo a gajiye sai ya taɓa wanda ba shi ba, tayoyin su naɗe. Aka maƙala wa makunnin tayoyin 'yar taya ta roba, ɗayan aka ba shi wata siffar, yadda hannu kaɗai zai bambance su ko ba a duba ba. Irin wannan kuskuren ya kau. Tushen fannin ke nan: kafin a ɗora wa mutum laifi, a fara duba abin da aka ba shi ya yi aiki da shi.

Ni dai ba a littafi na fara ganin wannan ba. Kawuna tela ne a Tudun Wada, ya haura shekara talatin a kan keke. Bencinsa ba shi da majingini, kuma ya yi wa keken ƙasa, saboda haka kullum kafaɗunsa a ɗage suke, wuyansa a miƙe gaba kamar mai leƙen rijiya. Goman ƙarshe na azumi, lokacin ɗinkin sallah, yakan zauna tun bayan azahar har kusan sahur, sallah da buɗa-baki kaɗai ke ɗaga shi. In zai tashi sai ya dafa teburin keken da hannu biyu, ya yi jim a sunkuye, sannan ya miƙe a hankali.

Wata rana na ce, "Kawu, anya bayan nan naku ba bencin nan ba ne?"

Ya ce, "Kai yaro, basir ne. Na aika a karɓo mini jiƙo."

Haka muke. Ciwon baya basir ne, ciwon gwiwa sanyi ne, sagewar yatsu kuma tsufa. Ba wanda ke zargin benci. Alhali tun 1700 wani likita ɗan Italiya, Bernardino Ramazzini, ya rubuta kan cututtukan masu sana'o'i, har da teloli da marubuta masu wuni a zaune, ya kuma shawarci likitoci su riƙa tambayar majinyaci sana'arsa.

Masana fannin sun raba rauni gida biyu. Akwai na farat ɗaya, wanda kowa ke gani: birkila ya faɗo daga kan bene, injin markaɗe ya kama yatsa, tartsatsin walda ya shiga ido. Akwai kuma mai taruwa, wanda ba jini ba karaya, shi ya sa ake raina shi. Yana zuwa ne daga ɗaukar nauyi, da maimaita motsi ɗaya sau dubbai, da aiki a karkace, da daɗewa a zama ɗaya, da kuma girgizar inji irin wadda hannun ɗan Keke Napep ke sha daga Kawo zuwa kasuwa, safe da yamma. Tsoka da jijiya suna samun ƙananan raunuka kowace rana, barci ya gyara su. In ɓarnar yini ta fi gyaran dare, bashi ya fara taruwa, kuma jiki ba ya yafe bashi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 mutum miliyan 619 ne ke fama da ciwon ƙasan baya, kuma shi ne kan gaba wajen hana mutane aiki a duniya.

Maganar nauyi ta fi tsaya mini a rai. Cibiyar nazarin lafiyar ma'aikata ta Amurka, NIOSH, tana da lissafin da ta sabunta a 1991, inda ta sa kilo 23 a matsayin iyakar abin da yawancin ma'aikata za su ɗaga ba tare da cutuwa ba. Shi ma sai in kayan na manne da jiki, daidai ƙugu, ba juyawa, ba yawan maimaitawa. Kowane sharaɗi ya karye, adadin ya ƙara sauka. To buhun siminti kilo 50 ne. Buhun masara da ake saukewa daga tirela yana kai kilo 100. Ko Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, da ta yi sassauci a shawararta ta 1967, a kilo 55 ta tsaya ga namiji baligi. Je ka tsaya inda ake sauke siminti ka gani: ɗan dako ya juya baya, mutum biyu daga saman mota su aza masa buhu a wuya, ya ruga da sassarfa, ya murɗa ƙugu ya yar, ya dawo. Da yake kuɗinsa na bin yawan buhu ne, hutu asara ce a wurinsa.

Abin da ke faruwa a ciki kuwa, tsakanin kowane ƙashi biyu na gadon baya akwai wani faifai mai taushi da ke shanye nauyi. In mutum ya sunkuya ƙafafu a miƙe ya ɗago kaya nesa da jikinsa, bayansa ya zama kamar dogon sanda da aka rataya wa kaya a ƙarshe, matsin da ke kan faifan ƙasa ya ninka nauyin kayan sau da yawa. Ranar da faifan ya bulluƙo ya danne jijiya, sai zafi ya riƙa sauka ta ɗuwawu har tafin ƙafa. Shi ya sa ake cewa a durƙusa da gwiwa, a rungumo kayan, a juya da ƙafa gaba ɗaya.

Sai dai koyar da salon ɗagawa yana cikin magunguna mafi rauni, kuma shi aka fi so a taron bita saboda ba ya cin kuɗi. A wannan fanni ana fara tambaya ne ko dole a ɗauki kayan. In baro ko kura za su yi, an gama. In ba za su yi ba, a raba kayan biyu, ko a ɗaga wurin ajiyarsu ya kai ƙugu, ko a yi karɓa-karɓa. Kayan kariya su ne na ƙarshe. Ɗamarar baya da ake tallatawa ma, NIOSH ta duba ta a 1994 ba ta sami gamsasshiyar hujjar cewa tana hana rauni ba.

Ba baƙon tunani ba ne a wurinmu. Gammo ergonomiks ne. Haka ɗan gadon katako mai tayoyi da makanike ke kwanciya a kai ya shiga ƙarƙashin mota, da teburin da maƙerin Panteka ke haɗa wa kansa daidai tsayinsa. Amma akwai abubuwan da muka gada ba mu taɓa tuhumarsu ba, kamar gajeriyar tsintsiya da gajeriyar fartanya. A jihar Kalifoniya ta Amurka an haramta sa leburorin gona aiki da fartanya mai gajeren ƙota tun 1975, saboda yadda take kassara baya.

Na ofis nasa mai sauƙi ne: saman allon kwamfuta daidai ido, tafin ƙafa a ƙasa, gwiwar hannu daidai tebur, a kuma riƙa tashi akai-akai. Ko littattafai aka jera aka ɗora allon, ya wadatar.

Abin da ya fi damuna shi ne inda gajiyar ke ƙarewa, wato kemis. A haɗa wa mutum ƙwayoyi uku-huɗu da sunan maganin gajiya, zafin ya yi shiru, gobe ya koma ya ɗora wa wurin da ya ji ciwo wani nauyin. Wasu daga nan suke zarcewa tiramol. Dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010 ta haɗa da cututtukan da aiki ke jawowa, kuma ta wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya riƙa zuba kashi 1 cikin 100 na jimillar albashi a asusun NSITF, hukumar inshorar ma'aikata ta Najeriya. Amma ɗan dako da tela mai zaman kansa ba su da takardar albashi, balle wanda zai zuba musu.

Kawu dai bai bar jiƙonsa ba. Abin da ya yarda da shi, bayan naci, shi ne kafintan layinsu ya ƙara wa bencin tsawo da katako biyu, ya buga masa majingini, aka kuma sauko da ƙwan lantarkin kusa da allura don ya daina miƙa wuya. Yanzu in zai tashi, hannu ɗaya yake dafawa. In ka tambaye shi, sai ya ce jiƙon ne ya fara aiki.