Absint

Absint giya ce mai ƙarfi wadda ake tacewa daga ganye da furen wani tsiro mai ɗaci da masana ke kira Artemisia absinthium, ɗan uwan tazargade, tare da 'ya'yan anis da fenel, wasu tsirrai masu ƙamshi. Yawan barasar da ke cikinta yakan kama daga kashi 45 zuwa 74 cikin ɗari, kuma launinta yawanci kore ne, shi ya sa Faransawa suka yi mata laƙabi da Koriyar Aljana.

Asali da yaɗuwa

An fara yin ta a kwarin Val-de-Travers da ke yankin Neuchâtel na ƙasar Suwizalan a ƙarshen ƙarni na 18. Wasu na danganta ƙirƙirarta ga wani likita Bafaranshe, Pierre Ordinaire, wajen shekarar 1792, wasu kuma ga 'yan matan gidan Henriod na garin Couvet. A 1797 aka buɗe masana'antarta ta farko a Couvet, sannan a 1805 Henri-Louis Pernod ya kafa wata a Pontarlier ta Faransa. A shekarun 1840 an riƙa ba sojojin Faransa da ke yaƙi a Aljeriya ita da nufin kare su daga zazzaɓi, da suka koma gida kuwa sai suka koma da ƙishirwarta. Kafin 1870, ƙarfe biyar na yamma ya zama lokacinta a shagunan shan kofi na Faris.

Ba a shan ta zalla. Akan ɗora cokali mai huji-huji a bakin kofin gilashi, a sa ƙwayar sukari a kai, a riƙa ɗiga ruwan sanyi a hankali har korenta ya rikiɗe ya koma fari-fari kamar an zuba madara.

Haramci

Likita Valentin Magnan ya yi gwaje-gwaje a kan dabbobi, ya ce sinadarin tujon da ke cikin ganyen yana jawo farfaɗiya da hauka. A 1905 wani manomi a Suwizalan, Jean Lanfray, ya kashe matarsa da 'ya'yansa mata biyu, aka ɗora wa absint laifin, alhali ya kwankwaɗi wasu giyoyin da yawa a ranar. Suwizalan ta kaɗa ƙuri'ar haramta ta a 1908, Amurka ta bi a 1912, Faransa a 1915. Binciken baya-bayan nan ya nuna tujon ɗin kaɗan ne, barasar ce babbar mai ɓarna. Suwizalan ta ɗage haramcin a 2005, Faransa a 2011.

Alaƙarta da kiɗa

Masu zane irin su Degas da Van Gogh, da marubucin waƙoƙi Verlaine, duk sun shahara da ita. Ta fuskar kiɗa, wanda ya fi cancantar ambato cikin masu alaƙa da ita shi ne Erik Satie, makaɗin fiyano na gidajen shaƙatawar unguwar Montmartre ta Faris, wanda ciwon hanta ya kashe a 1925. Wajen 1917 ya tsara abin da ya kira kiɗan kayan ɗaki, wato sauti mai cika wuri ba tare da ya nemi a saurare shi ba. Wannan tunani ne makaɗin Birtaniya Brian Eno ya faɗaɗa a 1978 ya sa masa suna ambiyant, kiɗan yanayi.