Wanda Ya Farka Cikin Makara Bai Mutu Ba Tun Farko

Tun da daɗewa, idan aka ji cewa wani ya motsa ana shirin kai shi makwanci, sai a ce ya mutu ya dawo, wasu ma su tsere suna zaton fatalwa ce. Gaskiyar lamarin ita ce irin wannan mutum bai mutu ba, doguwar suma ya yi, aka kuma yi gaggawar yanke hukunci a kansa.

Tsananin sanyi, shan magungunan barci fiye da kima da dafin wasu macizai suna iya rage numfashi da bugun zuciya har hannu ya kasa jin su. Akwai kuma yanayin da zuciya kan dawo bugawa da kanta bayan likitoci sun daina ƙoƙarin farfaɗo da mara lafiya, abin da aka fara rubutawa a mujallun likitanci a 1982, shi ya sa ake ba da shawarar a ci gaba da lura da shi na aƙalla minti goma. A watan Yunin 2023, wata tsohuwa mai shekara 76 a ƙasar Ekwado ta ƙwanƙwasa akwatin gawa ana zaman makoki, aka mayar da ita asibiti, inda ta rasu bayan kimanin mako guda.

Inda ake ƙona gawa fargabar ta fi tsanani, domin wuta ba ta barin damar gyara kuskure, kuma dokar Japan ta hana ƙonawa kafin cikar awa 24. A ƙasar Hausa, inda muke gaggauta jana'iza, a ganina wajibi ne ma'aikacin lafiya ya tabbatar da rasuwa kafin a kira masu wanka, musamman idan mutum ya faɗi farat ɗaya.